Waya a Sama, Gona a Ƙasa: Haƙƙin Ratsawa a Ƙasar Kurfai

Matafiyin da ya bar Yamai ya nufi Filinge, tafiyar kilomita kusan 180 a kan kwaltar da ta bi ta Baleyara, gonakin gero ne za su raka shi har cikin kwarin Dallol Boso. Nan da can zai hangi turken wuta ko dogon ƙarfen sadarwa tsaye a tsakiyar shuka. Kowane ɗaya daga cikinsu a filin wani yake: gonar gado, ko ta saye, ko ta aro, wadda wani gida ke dogara da ita don cika rumbu.

Gonar ba ta koma hannun kamfani ba. Mai ita yana nan yana shuka, yana girbi, 'ya'yansa za su gada. Sai dai daga ranar da waya ta ratsa ta samansa, akwai abubuwan da ba zai ƙara yi a wannan zirin ba. Ba zai gina ɗaki ba, ba zai kafa rumbu ba, ba zai bar itace ya yi tsawo ba, kuma duk ranar da ma'aikata suka zo gyara dole ya ba su hanya, ko da gero ya fitar da kai. Wannan shi ne haƙƙin ratsawa, wanda takardun hukuma a Nijar ke rubutawa da sunan "servitude". Mallaka tana nan, amma an yanke wani ɓangare na ikon mai ita, kuma yankewar ba ta da ranar ƙarewa.

Maganar ta zama ta yau saboda wayoyin da ke tafe sun fi waɗanda ke tsaye yawa. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, kuma a karkara abin ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. A 2018 gwamnati ta sa wa kanta burin kai wuta ga kashi 80 cikin ɗari na jama'a nan da 2035. A Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da kuɗin shirin Haske, sama da dala miliyan 300, don faɗaɗa layukan kamfanin wutar lantarki na ƙasa, NIGELEC, da samar da wuta a ƙauyuka. A Fabrairun 2022 aka ƙaddamar da aikin babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 a Gorubanda kusa da Yamai, wanda zai haɗa Birnin Kebbi da Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa arewacin Benin. Kowace kilomita ta irin waɗannan ayyuka ta kan ƙasar mutane za ta bi. Garuruwan Kurfai, daga Filinge zuwa Shikal, da maƙwabtansu na Bonkuku da Damana, suna cikin masu jiran wuta, don haka suna cikin waɗanda za a nemi hanya ta gonakinsu.

Ba baƙon abu ba ne ga Kurfayawa a ratsa gonar mutum don amfanin jama'a. Ƙasarsu tana kan iyakar noma da kiwo: ruwan sama a shekara bai cika wuce milimita 400 ba, kuma garken Fulani da na Buzaye suna hawa arewa da damina, su gangaro da kaka. Burtali ne ya sa wannan zama ya yiwu. Manomi ya san cewa akwai zirin da ba a shuka shi, ko da yana jikin gonarsa, domin shanu su wuce zuwa rijiya ko makiyaya. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar da wannan, ta sanya burtalai cikin dukiyar ƙasa da ba a sayarwa, kuma kowace shekara hukuma ke sanar da ranar sakin gonaki ga dabbobi bayan an kwashe amfani.

Malaman zaure ma suna da abin faɗa, domin fiƙihun Malikiyya ya daɗe da tsara haƙƙin hanya da na magudanar ruwa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Dahhaku ɗan Khalifa, wanda ya so ya ja ruwa zuwa gonarsa ta cikin filin Muhammadu ɗan Maslama. Mai filin ya ƙi. Da ƙarar ta je gaban Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, ya nuna masa cewa magudanar ba za ta cuce shi ba, hasali ma zai sha daga ruwan, sannan ya ba da umarni a ja ruwan ko da bai yarda ba. Abin lura a hukuncin shi ne sharuɗɗan da ya tsaya a kansu: rashin cutarwa, da kuma amfanin da zai koma ga mai filin kansa. Waɗannan biyun su ne ma'aunin da ya kamata a ɗora kowane layin wuta a kai.

Bambancin burtali da layin kamfani a bayyane yake. Makiyayi maƙwabci ne da ake gani ido da ido. Shanunsa na barin taki, ana sayen nono a wurinsa, in ya yi ɓarna a kai shi gaban maigari a daidaita kafin rana ta faɗi. Kamfani kuwa ofishinsa na Yamai, ɗan kwangilar da ya kafa turke ya tattara kayansa ya tafi wata jaha, kuma wutar da ke gudu a cikin wayar sau da yawa wani gari take nufa. Abin da ya rage tsakanin manomi da wannan ƙarfe shi ne doka da takarda.

Dokokin kuwa suna nan. Tushensu shi ne dokar 24 ga Nuwamba 1961 kan karɓar fili don amfanin jama'a da kuma mamaye shi na ɗan lokaci, wadda aka yi wa gyara mai muhimmanci ranar 10 ga Yuli 2008, aka kuma fitar da ƙa'idojin aiki da ita a 2009. Gyaran 2008 ya ce a tuntuɓi mutanen da aiki zai shafa, a biya su abin da zai maye gurbin asararsu ba tare da rage daraja don tsufa ba, kuma a biya kafin a karɓi fili. Tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya faɗi irin wannan a sashe na 28: ba a raba mutum da dukiyarsa sai don amfanin jama'a, kuma sai an fara biyan diyya mai adalci. Dokar lantarki ta 17 ga Mayu 2016 ita ce ta tsara aikin kamfanonin wuta, har da ikon ratsa filayen mutane. Asalin wannan iko ya samo tushe daga dokar Faransa ta 1906, wadda ta ba kamfanonin wuta damar kafa turke, da ratsa waya ta sama, da sassabe itatuwa, tana mai cewa hakan ba ƙwace mallaka ba ne.

A aikace, in aikin babba ne, ana fara shelanta shi a matsayin na amfanin jama'a, a naɗa mai bincike, a ƙirga filaye da itatuwa da gine-ginen da ke kan hanya. Sannan kwamitin da ferefe, wato shugaban gunduma, ke shugabanta ya zauna da masu filaye don a daidaita kan kuɗi. In an kasa, sai alƙali ya yanke. Ofishin BNEE, wanda ke duba tasirin ayyuka a kan muhalli bisa dokar 2018, shi ke tantance rahotannin da ake rubutawa kafin a fara. In kuɗin aikin na Bankin Duniya ne ko Bankin Raya Afirka, akwai ƙarin sharuɗɗa nasu, ciki har da buɗe hanyar kai koke.

Asarar da layin wuta ke jawowa iri-iri ce, kuma a nan ne manoma da yawa ke karɓar ƙasa da haƙƙinsu, don ana dunƙule musu komai a kuɗi ɗaya ba tare da bayani ba. Akwai gurbin da ƙafar turke ta zauna, wanda ya fita daga noma har abada. Akwai ɓarnar lokacin aiki: motar da ta tattake shuka, ramin da aka tona, shingen da aka karya. Akwai kuma zirin da ke ƙarƙashin waya, wanda shi ne mafi faɗi kuma mafi wuyar ƙiyastawa. A Najeriya ƙa'ida ta ware mita 50 ga layin kilobolt 330 da mita 30 ga na 132. Lissafin ba shi da wuya: zirin mita 50 da ya ratsa gona mai tsawon mita 200 ya shafi hekta guda cif. Layukan da ke shiga ƙauyuka, masu kilobolt 20 ko 33, zirinsu bai kai haka ba, amma su ne suka fi yawa, kuma su ne ke bi ta bakin gari inda fili ya fi daraja.

Ana iya ci gaba da noman gero da wake da gyaɗa a cikin zirin, shi ya sa masu ƙiyasi kan ɗauka asarar kaɗan ce. Wanda ya san gonar Dallol ba zai yarda da haka ba, saboda gawo.

Gawo itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen kuma ya zama taki. Da rani, lokacin da ƙasa ta bushe ƙurmus, sai ya yi kore shar, ya zubo da 'ya'yan da awaki da tumaki ke rububi, har ana tara su a buhu a kai kasuwa. Geron da ke gindinsa ya fi na sauran gona tsawo da kauri, kowa na iya gani da ido a watan Agusta. Itacen da ke yin wannan aiki ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya kai haka, kuma shi ne irin dogon itacen da ba a bari kusa da waya. Haka goriba, wadda mata ke saƙa tabarma da igiya da kabarta, yara su sayar da 'ya'yanta. In an sare gawo uku a gona aka biya kuɗin itacen wuta, an biya gangar jiki ne kawai, an bar takin shekara ashirin da abincin dabbobin shekara ashirin ba a lissafa ba. Ƙasar da manomanta na Maradi da Damagaram suka farfaɗo da itatuwa a kan hekta kusan miliyan biyar ta hanyar sassabe na zamani, har duniya ke zuwa koyo, bai kamata a ce ba ta san darajar itacen gona ba. Dokar daji ta 2004 ma tana kare irin waɗannan itatuwa, kuma manomin da ma'aikatan gandun daji za su ci tara in ya sare gawonsa yana da hujjar tambayar nawa aka kimanta shi da wani ya sare.

A Bonkuku, cikin ƙasar Imanan, lissafin ya sake canzawa. Ruwa na kusa a ƙarƙashin kwarin, kuma garin ya yi suna da noman kwambitar, wato dankalin Turawa, da rani, wanda ake lodawa zuwa kasuwannin Yamai. Lambu ƙarami ne, an kashe masa kuɗin iri da rijiya da injin ban-ruwa. Ramin bututu ko na waya da ya ratsa irin wannan lambu a tsakiyar lokacin noma na iya cinye ribar shekara, alhali ramin nan a kan tudun gero da rani ba zai taɓa komai ba. Farashi ɗaya na kowace mita, daga Yamai har iyaka, ba adalci ba ne. Lokacin yin aiki ma abin tattaunawa ne: a jira a girbe gero, a kauce wa watannin lambu.

Tambaya mafi zafi ita ce wa za a biya. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta yi abin da ƙasashe da yawa ba su yi ba: ta ce mallakar gargajiya da ta takarda darajarsu ɗaya. Wanda ya gaji gona daga kakansa ba ya buƙatar takardar Turawa kafin a san tasa ce. Dokar ta kuma kafa kwamitocin filaye, waɗanda jama'a ke kira kofo, da a yau ke aiki a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye. Kofon ƙauye, ƙarƙashin maigari, yana iya ba da shaidar mallakar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina. Takarda ce mai sauƙi, amma ita ke raba gardama ranar da masu ƙirga suka iso.

Gonaki da yawa a Kurfai ba su da ita. Kuma ko inda aka san mai gona sarai, ba lallai shi ne mai noma ta ba. A ɗauki gonar da mai ita ya ba wani aro shekara goma sha biyar: diyyar ƙasa ta mai ƙasa ce, amma geron da aka tattake na mai aro ne. A ɗauki wadda aka jinginar, wanda ya ba da kuɗi yana ci har a fanshe ta. A ɗauki gamana, wadda wasu ke kira gayauna, ɗan filin da maigida ke yanka wa matarsa ta shuka kuɓewa da yakuwa da gujiya. In layi ya bi ta kan gamanar, sunan maigida ne ke shiga rajista, kuɗin kuma aljihunsa yake shiga, ko da asarar ta uwargida ce. Ga kuma gandun da magada goma ba su raba ba, babban wa ya sa hannu shi kaɗai, rigima ta tashi a gida bayan ma'aikata sun wuce. Makiyayin da layi ya sare itatuwan da yake sassabo wa dabbobinsa ganye da bazara ba ya ma shiga lissafi in ba a neme shi ba.

Sai maganar cin rani. Da zarar an ɗaure dammunan gero, samari da magidanta da yawa na wannan yanki sukan tafi Yamai, ko Najeriya, ko Benin, ko Gana, ko Kodebuwa neman kuɗi. Rani kuma shi ne lokacin da motocin masu awo ke iya shiga ko'ina. Kowane aiki yana da ranar rufe ƙirga, wadda bayanta ba a karɓar sabon suna ko sabon gini. Dalilin ranar mai kyau ne, don hana masu jin labarin diyya su kafa bukkoki cikin dare. Amma wanda yake Kwatano ranar da aka ƙirga, bai bar wakili ba, gonarsa ba ta da takarda, shi ne zai dawo da damina ya tarar da turke a gonarsa ba sunansa a ko'ina. Sanarwa a gidan rediyon gari da kasuwa da masallacin Juma'a, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, makonni kafin ranar, ba alfarma ba ce. In babu ita tuntuɓar da doka ta ce a yi ba ta yiwu ba. Matsalar tsaro da ta addabi arewacin jahar Tilaberi, inda aka sa dokar ta-ɓaci a Abala da wasu gundumomi tun 2017, ta ƙara yawan gonakin da masu su suka yi gudun hijira, kuma haƙƙinsu bai faɗi don ba sa nan ba.

Kamfani ma yana da gaskiyarsa, kuma ya kamata a faɗe ta. Hanin gini a ƙarƙashin waya don kare rai ne. Wuta mai ƙarfi ba ta jiran a taɓa ta, tana iya tsallakowa ta iska zuwa ga ƙarfe ko ɗanyen reshe da ya matso. Yaron da ya ɗaga doguwar sanda zai kaɗo 'ya'yan gawo, motar da aka yi wa lodin kara har sama, rumbun kara da aka kafa daidai inda waya za ta faɗo in guguwar farkon damina ta tsinke ta, duk haɗari ne na gaske. Reshe ɗaya da ya kwanta kan layi yana iya jefa asibiti da famfunan gari cikin duhu. Mutanen Nijar sun ɗanɗani zafin rashin wuta a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin Birnin Kebbi da ke kawo yawancin wutar ƙasar tun shekarun 1970, ba a maido ba sai a Maris 2024. Wanda ya karɓi diyya sannan ya koma ya yi gini a zirin ya ci amana, kuma ya sa iyalinsa a bakin mutuwa.

Ba duk abin da ke tsaye a gona ne ke bin wannan tsari ba. Ƙarfen sadarwa na kamfanonin waya irin su Airtel, Moov, Zamani da Niger Télécoms yawanci a kan ɗan fili yake wanda aka saya ko aka yi hayarsa, don haka ciniki ne: mai fili na iya ƙi, yana iya neman a rubuta shekarun haya da lokacin sake duba kuɗi. Bututun ruwa a ƙasa yake, ba a ganinsa, shi ya sa aka fi mance shi har sai wani ya zo tona tushen gini. Mafi girman misalin abin da ke binne shi ne bututun man da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, wanda ya bi ta jahohin Difa, Damagaram, Maradi, Tawa da Doso, aka fara fitar da mai ta cikinsa a 2024. Madatsar Kandaji kuwa, a cikin jahar Tilaberi kanta, ta wuce ratsawa: tashin dubun dubatar mutane ne daga garuruwansu, har da wani ɓangare na Ayoru.

Akwai abin da ya fi kuɗin diyya ci wa mutanen karkara rai, wato ƙauyen da waya ta wuce ta kansa amma yana kwana da tocila. Babban layi ba a jona shi kai tsaye da gida, sai an kafa na'urar rage ƙarfi da ƙananan layuka, kuma wannan kuɗi ne. Duk da haka, tsara aiki ta yadda garuruwan da suka ba da hanya za su samu wuta abu ne mai yiwuwa, kuma aikin layin kilobolt 330 ya haɗa da shirin kai wuta ga ƙauyukan da ke kusa da hanyarsa. Shugaban ƙaramar hukuma da sarki da masu gari suna da bakin neman irin wannan tun ana zana hanya, lokacin da karkata layi da 'yan mitoci don kauce wa maƙabarta ko rijiya ko kurmin gawo bai zama tsada ba. Bayan an zuba kankare, magana ta ƙare.

Ga manomi ɗaya kuwa, abin da zai riƙe shi ne kwafin takardar da ya sa wa hannu. Ta faɗi faɗin zirin da tsawonsa, yawan itatuwan da za a sare da irinsu, kuɗin kowane abu daban, abin da aka yarda ya shuka, da wanda zai biya in motar gyara ta shiga gona bayan shekara biyar. In ba ya karatun Faransanci, a karanta masa a gaban shaidun da ya yarda da su kafin ya dangwala yatsa. In saɓani ya taso tsakaninsa da ɗan'uwa ko mai aro kan wanda ya cancanci kuɗin, dokar karkara ta ce a fara zuwa sulhu gaban sarakunan gargajiya, a rubuta sakamakon, kafin a nufi kotu. Ya kuma kai kwafi ga kofo, domin haƙƙin ratsawa gona yake bi, ba mutum ba: magajin da zai karɓe ta da baƙon da zai saye ta duk za su same shi a kanta, kuma mai sayen da ya biya kuɗin filin gini a bakin Filinge, daga baya ya gano rabinsa na ƙarƙashin waya, kan wanda ya sayar masa zai dawo.